Yadda ake zaɓar wuri da neman izini kafin a kafa injin iska a Bauchi

Tun bayan duhun nan da Arewa ta sha a watan Oktoban 2024, lokacin da aka kwashe kwana da kwanaki ko ƙyallin wutar NEPA babu, tambayar da ake min a shago ta sauya. Da mutum zai zo ya ce fanel nawa ne zai ja masa firij da fanka biyu, yanzu kuwa sai ya zaro waya ya nuna min bidiyon wata farfela tana wulwulawa a saman rufin wani gida can ƙasar waje, ya ce “Injiniya wannan fa, ance har cikin dare tana bada wuta ko?” Eh tana bayarwa, in akwai iska, in kuma an kafa ta inda ya dace. Ni sana'ata haɗa sola ce a nan cikin garin Bauchi, injin iska kuwa sau kaɗan na taɓa shi, kuma na farkon da na kafa da hannuna na sauke shi, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Wani Alhaji ne ya sayo nasa ta intanet, an rubuta wat 1000 a jikin kwalin, ya ce in ɗora masa a kan ƙarfen tankin ruwansa. Na san bai kamata ba amma kunya ta hana ni musu, ga shi kuma babban kwastoma ne. Muka yi walda muka ɗora. Ranar da muke aikin ma ba mu sauko ba sai ga maƙwabcinsa, wani dattijo, ya fito yana faɗa, ashe yarana biyu da ke sama suna hango tsakar gidansa tas, har inda iyalinsa ke girki. Na sauko na durƙusa na ce “Baba a yi haƙuri, wallahi ba mu lura ba,” ya ce “Yaro ba da kai nake ba, da wanda ya sa ka nake.” Wannan kenan. Da dare kuma in iska ta ɗan taso sai ƙarfen tankin ya kama gunji, ƙarar ta bi bututun ruwa har cikin ɗakin Hajiya. Wutar da ake nema kuwa babu, don akwai bene a gefe da bishiyoyin mangwaro uku, farfelar sai ta juya nan ta juya can kamar mai neman abin da ya ɓata, batir bai san ma ana yi ba. Ba'a rufa wata biyu ba aka zo aka shafa jan fenti a katanga, aka ce a kawo takardar izini. Babu ita. Muka kwance kayanmu.

Toh duk abin da zan faɗa a ƙasa daga wannan wahalar ya fito, kuma ka lura sayen injin shi ne kusan na ƙarshe a jerin.

Matakin farko, ka tabbatar akwai iskar. Kowa zai ce maka unguwarsu akwai iska, don yana tuna ranar da guguwa ta yaye kwanon makarantar firamare. Wannan ba ita ake nema ba. Injin yana son iska mai ɗorewa ne, wadda zata yi ta busawa awa da awanni, yau da gobe. Yawancin ƙananan injinan sai iska ta kai gudun mita 3 a daƙiƙa suke fara bada wani abu, lambar nan da ake rubutawa a kwali kuma lissafin iska mai gudun mita 11 ko 12 ne ko ma fiye, wadda ba kullum ake samunta ba. Kuma ga abin da mai sayarwa bazai gaya maka ba: in gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta sau takwas yake ninkawa, in ya ragu da rabi kuma haka yake zubewa. Ɗauki farfela mai faɗin mita 2 daga bakin wannan fiffike zuwa wancan gefe. Da irin iskarmu mai zafi, in injin ya iya kama kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin, a gudun mita 10 zaka samu wajen wat 500, a mita 5 kamar wat 65, a mita 3 kuwa wat 14, ƙwan fitila ɗaya kenan. Kaga wanda ke da matsakaicin mita 5 da wanda ke da mita 3 ba sana'a ɗaya suke ba. Ni in matsakaicin wurin na shekara bai doshi mita 5 a tsayin da farfelar zata zauna ba, ce maka zanyi ka ƙara fanel da batir ka huta.

Yadda zaka duba: akwai taswirar iska ta duniya a intanet kyauta, Global Wind Atlas, wata jami'ar fasaha ta ƙasar Denmak ce ta yi ta tare da Bankin Duniya. Ka nemo gonarka ko filinka a kai, sai dai ka kula da tsayin da ka zaɓa, don tana nuna na mita 10, 50, 100 har sama, mutane da yawa lambar mita 100 suke gani su yi murna alhali ƙarfensu mita 12 ne. Zaɓi na mita 10 da na 50 ka ƙiyasta tsakani. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ma tana auna iska a tashoshinta, amma ka tuna a fili fetal ake auna irin wannan, ba tsakiyar Wunti ko Fadamar Mada ba. In kuɗin da zaka zuba masu yawa ne, sayi ƙaramar na'urar auna iska mai ajiye bayani ka ɗaure ta a doguwar gora ko bututu a wurin, ka barta ta ga hunturu ta ga bazara ta ga damina. Shekara guda ya fi. Na san ba kowa zai jure ba, amma ko wata shida ne ya fi ƙiyasin baki.

Mataki na biyu shi ne takamaiman inda ƙarfen zai tsaya da tsayinsa, kuma nan ne yawanci magana ke ƙarewa ga mutanen cikin gari. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka daɗe da ita: ƙasan fiffiken ya ɗara duk wani abu da ke kewaye, cikin tazarar mita 150, da aƙalla mita 9. Dalili shi ne iska in ta bugi gini ko bishiya bata wucewa salin alin, birkicewa take ta dinga murɗawa a bayan abin, har nisan da zai iya kai ninki ashirin na tsayinsa, kuma wannan murɗaɗɗiyar iskar ga rashin wuta ga cin boris da fukafukai. Yanzu duba unguwarku. Bishiyar dogon yaro ɗaya da ta girma zata kai mita 12, ka ƙara 9, kana maganar ƙarfe mai mita 21 zuwa 22 kenan kafin ka fita daga hayaniyar. Kuma bishiya girma take, mangwaron da yake kafaɗarka yau ka lissafa shi yadda zai zama nan da shekara goma. Ka duba tashar injinan iska ta Lambar Rimi a jihar Katsina, megawat 10, injina 37, fili ne buɗaɗɗe amma duk da haka sai da aka ɗaga su mita 55.

Mu nan Bauchi muna da wani ƙarin abu, duwatsu. Wanda filinsa ke gindin dutse irin su Dutsen Tanshi ko wajajen Dass zai ji iska na kaɗawa ya ɗauka ya dace, alhali juyowa take daga jikin dutsen. Tudu mai laushin hawa, wanda ƙasa ta tashi a hankali babu tsini, samansa shi ne wuri mai kyau, iska na ƙara gudu a can, irin shimfiɗaɗɗun tuddan da zaka gani in ka nufi Toro da Tilden Fulani inda ƙasa ta fara hawa zuwa Filato. Bayan dutse ko cikin kwari kuwa manta kawai. Sannan ka san ta ina iskar ke zuwa: da hunturu daga arewa maso gabas, da damina daga kudu maso yamma, waɗannan ɓangarori biyun su ne ya kamata su zama a buɗe. Gwaji mai arha, ɗaura dogon ƙyalle mara nauyi a kan gora mafi tsayi da zaka samu, ka kafa ta ranar da ake iska ka zauna ka kalla. In ƙyallen ya miƙe gefe ɗaya yana kaɗawa a hankali, madalla. In yana naɗewa yana dukan gorar ta ko'ina, wurin bai yi ba ko tsayin bai kai ba.

Wani abu da ba'a cika tunawa ba, filin maƙwabci da yake kango yau. Iskar da ke ratsowa ta kansa ba taka bace, ranar da ya samu kuɗi ya tada bene hawa biyu a arewa maso gabas ɗinka babu inda zaka kai ƙara. In sabuwar shimfiɗa ce da ake ta yanka filaye, ka sa wannan a lissafi.

Rufin gida da ƙarfen tanki dai na riga na baka labari. Kar ka fara.

Na uku, tazarar faɗuwa. Ka ɗauka a ranka wata rana abin nan zai faɗi, sai ka tambayi kanka kan me zai faɗa. Ƙananan hukumomi da yawa a Amurka da suka rubuta dokar kafa irin waɗannan injina suna cewa a bar tazarar da ta kai cikakken tsayin injin da ƙarin kashi goma cikin ɗari, daga gindinsa zuwa iyakar fili ko titi ko wayar wuta. Ba dokar jiharmu nake karanto maka ba, amma lissafi ne na hankali kuma in ka nuna shi a taswirarka duk jami'in da ya gani zai san ka san abin da kake. Misali ƙarfe mita 12, fiffike mita 1, jimla 13, tazara ta zama mita 14 da ɗoriya, ce 15. Filin nan namu na hamsin ba ɗari, wato ƙafa 50 da 100, faɗinsa gaba ɗaya mita 15 ne, in ka tsaya a tsakiya mita 7 da rabi ne kawai zuwa katangar kowane gefe. Kaga bai shiga ba, ko da gajeren ƙarfe. Ɗari ba ɗari ne zai ɗauka da ƙyar, shi ma in babu gini a tsakiya. Shi ya sa nake cewa wannan abu na gidan gona ne, da gidan kaji a bayan gari, da makarantar kwana mai fili, da rijiyar burtsatse a ruga.

In ƙarfen irin mai wayoyin ɗauri ne, wanda ya fi arha, turakun wayoyin suna cin fili su ma, rabin tsayin ƙarfen ko fiye a kowane ɓangare, kuma duk su faɗo cikin filinka. In kuma mai kwantawa ne, wanda ake saukewa ƙasa don gyara (shi na fi so, babu mai hawa balle ya leƙa gidan wani), sai ka bar masa doguwar hanyar da zai kwanta babu bishiya babu ɗaki.

Wayoyin wuta kuwa akwai doka a rubuce. Ƙa'idar lantarki ta ƙasa ta ware wa babban layi mai kilobolt 330 faɗin mita 50, wato 25 kowane gefe, mai 132 mita 30, masu 33 da 11 da ke kan falwaya mita 11, biyar da rabi kowane gefe. Cikin nan ba'a gini kwata-kwata. Layin 330 da ya taso daga Jos zuwa Gombe ta jiharmu ya ratsa, mutane da yawa gonakinsu na ƙarƙashinsa. Amma kar ka tsaya a iyakar wannan ma'aunin, don ƙarfe mai mita 18 da ke nesa da falwaya da mita 6 bai shiga hurumin layi ba amma in ya faɗi a kan wayar zai sauka. Ɗauki wanda ya fi girma tsakanin tazarar doka da tazarar faɗuwa. Manyan titunan tarayya ma, irin na Jos da na Gombe da na Ningi, suna da nasu hurumin, kusan mita 45 daga tsakiyar kwalta kowane gefe. Burtali kuma ka kauce masa nesa, saniya bata san wayar ɗauri ba, kuma rigimar da zata biyo baya ta fi ƙarfin wutar da kake nema.

Na huɗu, takardun fili. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, na cikin birni shi ke bada takardar mallaka, C of O ɗin nan, na karkara kuma ƙaramar hukuma na bada shaidar mallaka ta gargajiya. Babu ofishin da zai saurare ka kan izinin kafa wani abu in baka nuna filin naka bane, takardar ciniki da sa hannun mai unguwa kaɗai bata cika isa ba. Je hukumar da ke riƙe bayanan filaye, wato BAGIS in kana Bauchi, GOGIS in kana Gombe, a duba maka matsayin filin, a kuma duba me aka rubuta za'a yi da shi, zama ne ko noma ko kasuwanci, don in zaka sayar da wuta a filin da aka rubuta na zama ne sai ka nemi canjin amfani. Ka samu taswirar safiyo mai lambobin duwatsun iyaka. In gonar gado ce da ba'a raba ba, dan Allah kar ka zuba kankare sai duk magada sun sa hannu a takarda, har mata, don ranar rabo in wurin ya faɗa kason wani zaka ji jiki. In haya ce ko aro, a rubuta shekarun, a rubuta wanda zai cire ƙarfen da tushensa in wa'adi ya cika.

Na biyar, maƙwabta da mai unguwa, kuma wannan kafin ka je kowane ofis. Yawancin jan fentin da kake gani a katanga wani ne ya kai ƙorafi. Ɗauki ƙafa ka je da kanka, ba aike ba, ka nuna musu hoton abin da tsayinsa da inda zai tsaya, ka gaya musu yana ƙara kaɗan in iska ta yi ƙarfi, kar ka ɓoye. Daga nan ku je wajen mai unguwa, in karkara ce har dagaci, ka ce “Ranka ya daɗe ga abin da nake son yi, ga waɗanda muka yi iyaka sun amince,” a rubuta 'yar takarda kowa ya sa hannu ya buga hatimi. Abubuwa uku suke kawo saɓani. Ƙara ta farko, musamman da dare lokacin zafi da mutane ke kwana a tsakar gida, hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, tana da dokar ƙara tun 2009 kuma abin da aka yarda da shi da dare a unguwar zama ya yi ƙasa da na rana, maganinta nisa ne kawai da injin kirki. Sai inuwa: da hantsi inuwar farfelar yamma take faɗawa, da la'asar gabas, in ta faɗa tagar wani ko ajin makaranta ko sahun masallaci tana walƙiya tana ɗaukewa, abin na sa jiri. Tsaya a wurin da safe da yamma ka ga inda inuwar gorarka ke kaiwa. Na ukun shi ne leƙe, wanda littattafan Turawa basu san da shi ba amma mu nan shi ne kan gaba. Duk ranar da za'a hau sama a sanar da gidajen kewaye tun jiya, kamar yadda mai hawa rufi ko mai sarar bishiya ke yi.

Ka ɗan duba tsuntsaye da jemagu ma. In akwai bishiyar da jemagu ke kwana ko balbelu ke sauka, ko kana kusa da ruwa irin dam ɗin Gubi ko tafkin Maladumba, matsa nesa da hanyarsu.

Na shida, izinin gini. Dokar tsara birane ta 1992 ta ce duk wani gini ko aiki a kan fili sai da izinin hukumar tsarawa, kuma dogon ƙarfe mai tushen kankare gini ne, yadda eriyar kamfanin waya take gini. A Bauchi hukumar raya birane ta jiha zaka nufa, a Gombe hukumar tsara birane tasu, in can cikin ƙauye ne fara da sashen filaye da ayyuka na ƙaramar hukuma su nuna maka hanya. Abin da zaka riƙa a fayil: kwafin takardar fili, taswirar safiyo, zanen da ke nuna inda ƙarfen zai tsaya da tazararsa zuwa katanga da titi da wayar wuta da ɗakin da ya fi kusa, zanen ƙarfen da tushensa mai hatimin injiniya mai rajistar COREN, hukumar injiniyoyi ta ƙasa, takardar bayanin injin daga kamfanin da ya ƙera, da takardar amincewar maƙwabtan nan. Zanen injiniyan shi mutane ke son tsallakewa don mai walda ya ce ya iya. Mai walda ya iya ƙarfen tanki, wanda nauyi ke danna shi ƙasa, wannan kuwa iska ce ke tura shi ta gefe tana jijjiga shi dare da rana, lissafinsu daban. In ƙasar wurin baƙar laka ce mai tsagewa da rani, irin ta wasu sassan Gombe, sai an gwada ƙasar tukuna.

Ka shirya yin bayani, don wataƙila kai ne na farko da ya kawo irin wannan fayil teburin. Je da hoto a waya, ka ce musu kamar eriya ce amma ga tsayinta ga nauyinta. Su zo su ga wurin. Duk kuɗin da aka yanka maka ka biya ta banki ka karɓi rasit, kuma izinin ya zama a rubuce da hatimi, “je ka yi ba komai” na baki baya hana wani ya zo da fenti bayan an canja wa mai maganar wurin aiki. Ka leƙa hukumar muhalli ma, BASEPA ko GOSEPA. Babban aiki mai injina da yawa kuwa ya shiga dokar tantance illa ga muhalli ta 1992, wannan ma'aikatar muhalli ta tarayya ce, kuma sai ka ɗauki masana.

Na bakwai gajere ne. Hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama tana bada takardar amincewa da tsayi ga dogayen ƙarafa, ita ce ta sa kake ganin eriyoyi da fenti ja da fari da jar fitila a ƙoli. In filinka na wajajen filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Durum, ko na Lawanti a Gombe, ka rubuta musu komai gajartar ƙarfen, ka haɗa da lambobin wurin na GPS da tsayi. In kuma ƙarfen ya kai sa'ar eriyar waya, ko ina yake ka nema.

Na takwas, dokar wutar kanta. Dokar lantarki ta 2023 ta bar mutum ya samar da wutar da bata wuce megawat 1 ba a wuri guda ba tare da lasisi ba, injinka na kilowat ɗaya ko biyar ko kusa bai je nan ba, don haka in kai kaɗai zaka sha babu ruwanka da lasisin NERC, hukumar da ke kula da harkar wuta ta ƙasa. Maganar na canjawa ne ranar da ka ja waya ka fara sayar wa mutane, shaguna goma ko rabin ƙauye, nan ka shiga ƙa'idar ƙananan tashoshin wuta: ƙa'idar da aka fitar a 2023 ta ce har kilowat 100 rajista ce, sama da haka zuwa megawat 1 sai da izini. Dokar ta kuma ba jihohi damar karɓar kula da harkar wuta a cikin iyakarsu, Inugu da Ekiti da Ondo suka fara karɓa a 2024, don haka lokacin da zaka fara ka tambaya a ma'aikatar wuta ta jiha wa ke riƙe da wannan a ranar. Abin da ba sassauci, kar wutarka ta koma layin JED, kamfanin da ke raba mana wuta. Sa canjoba mai kyau, in ba haka ba ma'aikaci zai hau falwaya yana ganin an ɗauke wuta injinka ya kashe shi. Wayarin kuma a ba wanda ke da shaidar NEMSA, su ne hukumar da ke duba aikin lantarki.

Sai yanzu zaka sayi injin. Kar ka kalli wat ɗin kwali, tambayi faɗin farfelar da jadawalin da ke nuna abin da take bayarwa a kowane gudun iska, ka gwada da lissafin da na yi a sama, in ƙaramar farfela ce aka rubuta mata dubu biyu ka san inda aka dosa. Ka tabbatar yana da birki, da kwantirolarsa ta iska (ta sola bata yi), da hitar nan mai shanye rarar wuta in batir ya cika, don injin iska in ba kaya a kansa gudu yake har ya tarwatse, saboda haka ba'a cire masa batir yana juyawa. Ka zuba tushe daidai da zane ka bar kankaren ya yi kwana 28 ana ba shi ruwa kafin a ɗora nauyi. A kafa sandar atin, wadda ke kai wuta cikin ƙasa, a haɗa ƙarfen da ita da maganin tsawa, kai ne mafi tsayi a wurin yanzu. A kewaye gindin da turakun da waya saboda yara da awaki, a ɗaura wani abu mai haske a wayoyin ɗauri daidai tsayin mutum saboda mai babur da dare. Ranar ɗagawa a zaɓi safiya mara iska, fukafukai a ɗaure, kowa ya fita daga layin faɗuwa in banda masu ja.

Kwafin duk takardun nan ka sa su a leda ka rataye a ɗakin batir, don ranar da za'a zo tambaya mai gadi ne zai kasance a wurin ba kai ba. Shi ma mai gadin ka koya masa birki ya gwada a gabanka sau biyu sau uku. Daga watan Afrilu zuwa Yuni, in ya ga hadari ya haɗo daga gabas ƙura ta taso, ya taka birkin tun iskar bata iso ba, in ta riga ta iso birkin bazai kama ba. Bayan kowace guguwa a zaga a taɓa wayoyin ɗauri ɗaya bayan ɗaya, wadda ta saki a ɗaure ta, a duba notuna, sau ɗaya a shekara kuma bayan hunturu a kwantar da ƙarfen a wanke ƙurar fukafukai a duba boris.